Atalanta, Ajax da Nike: me ya kawo tsoffin Girkawa da Romawa cikin ƙwallo da finafinai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daren da Lookman ya ci ƙwallo uku a wasan ƙarshe na kofin Europa, wani a gidan kallo ya ce mana Atalanta ba sunan gari ba ne, wai sunan wata mace ce a tatsuniyar Girkawa, haka ma Ajax, kuma Nike sunan gunki ne. Gaskiya ne? Me ya sa Turawa suka nace wa waɗannan sunaye? Sannan finafinai irin su 300 da Gladiator, tarihi ne ko ƙage? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mutumin nan bai yi muku ƙarya ba. Ƙungiyar da Ademola Lookman ya ɗauko wa kofi a watan Mayun 2024 ta garin Bergamo ce a arewacin Italiya, kuma matasa 'yan makaranta ne suka kafa ta a 1907. A hikayar Girkawa, Atalanta yarinya ce da ubanta ya yar a dawa don namiji yake so, maharba suka rene ta, ta tashi babu mai kamo ta a guje. Da aka matsa mata da maganar aure sai ta kafa sharaɗi: duk mai so ya zo a yi tsere, in ya ci, ta aure shi; in ta ci, ransa ya tafi. Samari suka yi ta halaka, har wani mai wayo ya zo da tuffa uku na zinariya, yana gudu yana jefarwa, ita kuwa tana tsayawa tsinta, ya riga ta isa. Kan macen da ke jikin tambarin ƙungiyar, gashi na tashi a iska, ita ce.

Ajax ta Amsterdam, wadda aka kafa a 1900, sunan wani barde ta ɗauka daga labarin yaƙin Troy, ƙato mai faffaɗar garkuwa wanda Achilles kaɗai ya fi shi jarumta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ya ƙare: da aka hana shi gadon sulken Achilles aka bai wa wani, baƙin ciki ya zautar da shi, ya kashe kansa da takobinsa. Waɗanda suka raɗa wa ƙungiyar suna ƙarfin suka ɗauka, suka bar masa ƙarshensa. Haka ake yi da kusan duk waɗannan sunaye.

Spartak ta Mosko, inda Victor Moses ya taka leda, tata ba tatsuniya ba ce. Spartacus bawa ne da ya jagoranci tawayen bayi a kan Roma daga shekara ta 73 zuwa 71 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma da aka murƙushe su an gicciye kimanin 6,000 a gefen hanyar Capua zuwa Roma. Bawan da ya tasar wa iyayengiji ya yi daidai da aƙidar Tarayyar Sobiyat, shi ya sa sunan ya karɓu a can.

Dalilin nacin kuwa, makaranta ce. A ƙarni na 19, yaron da ya yi karatu mai zurfi a Ingila ko Jamus ko Italiya da Latin da Girkanci aka yaye shi, ya haddace waƙoƙin Homer da Virgil ko yana so ko ba ya so. Waɗannan yaran ne suka girma suka kafa ƙungiyoyin wasa, suka raɗa wa jiragen ruwa da kamfanoni sunaye. Ajax a wurinsu kamar Bayajidda ne a wurin ɗan Daura, ba ya buƙatar gabatarwa. Akwai kuma dalili na kasuwa: sunayen ba su da mai su. Ba wanda zai kai ka kotu ya nemi kuɗin haƙƙin mallaka, kuma addinin da ya haife su ya daɗe da gushewa, ba jama'ar da za ta fito zanga-zanga don an manna sunan abin bautarta a takalmi. Nike dai abar bautar nasara ce mai fikafikai, kuma kamfanin da a da ake kira Blue Ribbon Sports ya koma amfani da sunanta a 1971. Amma a yi hattara da zaƙewa: Hermès mai jakunkunan tsada sunan mutumin da ya kafa shi yake amsawa, Thierry Hermès, ba manzon allolin Girkawa ba.

Sai finafinai, inda na fi son mu ɗan zauna. Yaƙin da 300 ke nunawa ya auku, a mashigar Thermopylae, shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sarki Leonidas da Spartawa 300 sun mutu a can. Sai dai Girkawan da suka tare mashigar sun kai dubu bakwai ko kusa, kuma a ranar ƙarshe mutanen garin Thespiae 700 sun ƙi gudu, suka mutu tare da su, ga shi yau da wuya ka ji an ambace su. Spartawa sanye da sulken tagulla suke yaƙi, ba tsirara da ɗan kamfai ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wa'azin 'yanci da aka sa a bakinsu, alhali Sparta a kan gumin bayin gandu ta rayu, mutanen da suka fi 'yan ƙasa yawa nesa ba kusa ba. Farisawa kuma aka mayar da su dodanni, abin da ya sa Iran ta yi Allah wadai da fim ɗin a 2007. Asalinsa littafin zane ne na Frank Miller, ba littafin tarihi ba.

Gladiator na 2000 ya fi shi iya saje. Marcus Aurelius da ɗansa Commodus sarakuna ne na gaske, kuma Commodus ya riƙa shiga fage yana faɗa don burge jama'a. Maximus kuwa ƙirƙirarsa aka yi. Saɓanin abin da fim ɗin ya nuna, uban da kansa ya naɗa ɗansa abokin sarauta tun yana raye, shi kuma ɗan ba a fage ya mutu ba, wani ɗan kokawa ne ya shaƙe shi a wurin wanka a ƙarshen shekara ta 192. Hatta babban yatsan nan da sarki ke juyawa ƙasa don a kashe wanda aka kayar, zanen wani Bafaranshe mai suna Gérôme na 1872 ne ya dasa shi a kawunan mutane. Gumakan Girka farare tas da muke gani ma, fenti ne ya goge, a zamaninsu launi-launi suke.

Gasar Olamfik ita ma ba ta tsira ba. Ta asali, wadda ake ƙirga farkonta daga 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ba ta san tseren yada-ƙanin-wani ba. A 1896 aka ƙago shi a Atens, bisa labarin manzon da ya sheƙo daga fagen yaƙin Marathon ya yi bushara ya faɗi matacce. Herodotus, marubucin tarihin Girka wanda ya fi kusa da zamanin, cewa ya yi Sparta aka aika manzon neman gudummawa. Zancen faɗuwa matacce sai bayan ɗaruruwan shekaru ya bayyana a rubuce. Tsawon kilomita 42.195 daga gasar Landan ta 1908 ya fito. Yawo da wutar yula daga Olympia zuwa garin gasa kuwa, a wasannin Berlin na 1936 aka fara shi, ƙarƙashin Hitler.

Mu ta wata ƙofa daban Girkawa suka shigo mana. Masu fassara a Bagadaza zamanin Abbasiyawa sun kwashi likitanci da lissafi da manɗiƙi, suka bar alloli da hikayoyinsu a inda suka gan su. Shi ya sa malamin zaure zai iya ambatar masanan Girka irin su Aflaton ko Jalinusu, ya karantar da manɗiƙin da tushensa ke komawa ga Aristo, amma bai taɓa jin Zeus, babban abin bautar Girkawa, ba. Ɗansa kuma ya san Zeus daga wasan PlayStation.

Hukuncin sa kaya mai sunan Nike na malaman fiƙihu ne. In za ka kai musu tambayar, ka haɗa da kalandar da ke bangon ɗakinka, don Janairu sunan Janus ne, abin bautar Romawa mai fuska biyu, Maris na Mars ne mai kula da yaƙi, Yuli da Agusta kuma na Julius Caesar da magajinsa Augustus ne, waɗanda majalisar Roma ta ɗaga su zuwa matsayin alloli bayan mutuwarsu.