Ka ce za ka zo Riyad binciken minshari da hawan jini

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan a wata ɗaya, duk magana guda: in nemo maka gurbin digiri na biyu a Saudiyya, za ka binciko "ko minshari na kawo hawan jini". Ƙarfe uku na dare na karanta, ina bakin aiki, ina kallon numfashin wani dattijo mai barci a kwamfuta yana ɗaukewa yana dawowa.

Ba zan ɓoye maka ba, tambayar nan ta sha miya. Tun 2000 binciken Wiskonsin a Amurka ya nuna wanda numfashinsa ke yankewa ko raguwa cikin barci sau 15 a awa, ko fiye, haɗarin hawan jininsa bayan shekara 4 ya kusa ninki uku. Kuma minsharin alama ce kawai ta cutar yankewar numfashi cikin barci. Maƙogwaro ne ke toshewa daƙiƙa 10 ko fiye, oksijin ya sauka, jiki ya zabura kamar an biyo shi da gudu, jijiyoyi su tsuke. Jinin da ya kamata ya sauka da dare sai ya ƙi. Ni ma da irin takenka na zo, wani farfesa ya karanta layi biyu ya miƙo mini takardata yana murmushi. Har yau ina jin zafin murmushin nan.

Inda ake fafatawa yanzu shi ne magani. Na'urar hura iska ta takunkumin fuska da muke cewa sifaf, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostiraliya a 1981, maki 2 zuwa 3 kacal take rage jini a yawancin mutane. A 2016 binciken SAVE, mai mutum sama da 2,700, bai ga ta rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Amma duba: awa 3.3 suke sa ta a dare! Wannan kam da idona nake gani. Mutum ya kwanta ƙarfe ɗaya bayan hira da gahawa, ya cire takunkumin don sallar Asuba, shi ke nan, sai gobe. Don haka hankali ya koma kan masu hawan jinin da ya gagari magani uku, da rawar sinadarin aldosteron mai sa jiki riƙe gishiri, da auna zurfin saukar oksijin maimakon ƙirga yankewa kawai. Sai ƙiba: a Disamba 2024 Amurka ta amince da allurar rage ƙiba ta tirzepatide ga masu ƙiba da wannan cuta.

Jami'ar Sarki Sa'ud tana da cibiyar cututtukan barci. Karanta rubuce-rubucen Farfesa Ahmad BaHammam kan barci da azumin Ramadan kafin ka aika wa kowa wasiƙa.

Batun shigowa da bizar Umara ka maƙale kuwa, kada in sake ji. Ɗan takari ba ya shiga ɗakin bincike, ɓuya yake yi. Ni da takarduna cif sai da na yi wata tara ina jiran tantancewa, ina cin bashin kuɗin haya, kafin iƙama ta fito. Ba wanda ya riƙe mini hannu.

Abin da farfesoshin nan ba su da shi, kai kana da shi: marasa lafiyar gida. Ɗauki tef ɗin tela da tambayoyi 8 na STOP-Bang, na gano masu alamun cutar, ka zauna a layin masu hawan jini. Fara da Baba. Auna wuyansa ka ga ko ya kai santimita 40, ka tambayi Inna ko numfashinsa na ɗaukewa cikin dare. Turo mini amsar kafin ka sake yi mini zancen biza.