Tambaya da Amsa: Sau huɗu ina barin sigari, ba na wuce kwana uku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban Adaidaita Sahu ne a Kano, shekarata 34. Ina shan kara 15 na sigari a rana, shekara 12 ke nan. Sau huɗu ina rantsuwa na bari, amma ba na wuce kwana uku. Abin da ke ɗaure mini kai, da azumi ina wuni ban sha ba, ana kiran magariba sai na kunna. Rashin zuciya ne ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba rashin zuciya ba ne, kuma kwana ukun nan yana da dalili. Nikotin da ke cikin sigari yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, bayan kamar awa biyu kuma rabinsa ya bar jini, sai jiki ya nemi ƙari. In mutum ya bari, ciwon kai da saurin fushi da rashin barci suna kai maƙura a kwana na biyu zuwa na uku, daga nan su riƙa sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Ka ga ke nan duk sau huɗun nan a daidai inda sauƙi zai fara ka juyo.

Azumi kuwa ya nuna maka jikinka na iya jure awa 13 ko 14 babu taba. Abin da ya sa yake zuwa da sauƙi shi ne babu ciniki a ciki, ba ka tsayawa kana tambayar kanka ko ka sha ko kar ka sha. Irin wannan yankewar muke so ka gina, domin niyya ita kaɗai tana gajiya kafin la'asar.

Kafin ka sa ranar bari, ɗauki kwana uku kana rubuta lokacin kowane kara da abin da kake yi a sa'ar. Za ka tarar sigarin a ɗaure yake da wurare huɗu ko biyar: teburin mai shayi da safe, jiran fasinja, cunkoson hanya, bayan cin abinci, majalisa bayan isha'i. Wannan shi ne sabo, wanda Hausawa suka kira turken wawa, kuma ya fi nikotin daɗewa a jiki. Kowane wuri ka tanadar masa abin yi tun kafin ka isa. Bayan abinci, ka miƙe nan take ka wanke baki. Wajen jiran fasinja, asuwaki a baki, ko aya ko gyaɗa a aljihun da kwalin taba ke zama, saboda hannu can zai nufa da kansa. Shayin safe kuwa ka sha shi a gida na wata guda. Majalisar da ake busa hayaƙi ka ɗan ƙaurace mata, ka gaya musu dalili don kada a ce girman kai ne.

Sai ka sa rana cikin mako biyu, kada ta wuce haka. Daren ranar ka zubar da sauran sigari da ashana da laita, a wanke rigunanka, a goge cikin keken. Ka je wurin mai tiredar da ka saba saye, ka biya bashin da yake binka, ka roƙe shi kada ya ƙara sayar maka. Muna nanata wannan ne saboda sayar da kara ɗaya-ɗaya yana iya kayar da mai ƙoƙarin bari. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana shi, amma har yau ana yi a kowane lungu, kuma “guda ɗaya kawai” ita ce ƙofar komawa.

In marmarin ya taso, ka sani ba ya wuce ’yan mintuna, yawanci 3 zuwa 5. Duba agogo, kurɓi ruwan sanyi a hankali, ja numfashi mai zurfi sau goma. Zai kwanta ko ba ka sha ba.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa saurin narkar da sinadarin da ake kira kafin, wanda ke cikin goro da kofi da shayi. Da ka bari, goron da ka saba ci zai fi ƙarfi a jikinka, ya kawo bugun zuciya da rashin barci, sai ka ɗora laifin a kan rashin taba. Ka rage goron zuwa rabi, bayan la'asar kuma kar ka taɓa. Tari ma zai iya ƙaruwa a makonnin farko, huhu ne ke fitar da datti. In ya zo da jini ko ciwon ƙirji, a je asibiti.

Mai shan fiye da kara 10 a rana, musamman in yana kunnawa cikin minti 30 da tashi barci, ya kamata ya tambayi likita batun filasta ko cingam na nikotin. Cingam ɗin ba a taunarsa kamar na yara. Ana ɗan tauna shi har a ji yaji-yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi a sake taunawa. Wanda ya yi ta tauna ba tsayawa zai samu shaƙuwa da tashin zuciya, ya ce maganin ba ya aiki.

In ka zame ka sha guda, kada ka sayi kwali don wai ai an riga an ɓata. Rubuta inda abin ya faru, ka gyara shirin wurin, ka ci gaba a ranar.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Zariya. Waya tana riƙe ni har ƙarfe biyun dare, asuba tana wuce ni. An ce kwana 21 ake yi a canza hali, na gwada ban ga komai ba.

Amsa: ’Yar'uwa, zancen kwana 21 ba shi da tushe mai ƙarfi. A binciken da wata masaniya mai suna Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, matsakaicin lokacin da sabon hali ya ɗauka kafin ya zauna kwana 66 ne, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe shi ba. Don haka ba ki makara ba.

Fara da inda waya ke kwana. Ki ba mahaifiyarki ko abokiyar ɗakinki ita ƙarfe goma, ki sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa ki ajiye shi inda sai kin taka kafin ki kashe. Ki daina sayen garaɓasar datar dare, domin wanda ya biya ba ya yarda ta tafi a banza. Kada ki ce daga ƙarfe biyu za ki koma goma a dare ɗaya, juyi kawai za ki yi ta yi a katifa. Ki matso da lokacin kwanciya da minti 30 duk bayan kwana uku, lokacin tashi kuma ya zama ɗaya kullum, har Asabar da Lahadi. In barci ya dame ki da rana, ki yi ƙailula ta minti 20 bayan azahar, kada ta kai la'asar.