Tsohon gida a ƙasar ƙanƙara: soso inci 1 ya isa rigar bango?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Miniyafolis, jihar Minesota ta Amurka. Na sayi gidan katako da aka gina a 1955, kuɗin gas na hunturu kuwa ya gallabe ni. Kafinta ya ce tunda za a ɓamɓare tsohon katakon jikin bango, a manna farantin soso inci 1 daga waje kafin a sa sabo. Ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka zaɓi lokaci mai kyau, don sai bango ya zama tsirara aikin nan ke araha. Amma inci 1 bai isa ba, kuma abin da nake ji maka tsoro ruwa ne, ba sanyi ba.

Ka ga yadda gorar zoɓo ke gumi idan aka fito da ita daga firji? Haka allon katakon bangonka yake a watan Janairu. Tururin girki da na wanka da numfashin iyali yana ratsa bango, ya tarar da allo mai sanyi, ya zama raɓa. A da, tsohon gidan yana bushewa ta waje saboda iska na shiga ta ko'ina. Da ka manna soso ka toshe wannan hanya. Idan yana da kauri, allon zai yi ɗumi, raɓa ba za ta sauka ba. Idan siriri ne, ga sanyi ga rashin mafita: funfuna ta fara, katako ya ruɓe a ɓoye, ba za ka sani ba sai fenti ya kumbura a ƙasan taga.

Miniyafolis na yanki na 6 a taswirar sanyi ta dokar gini. Bangon katako 2x4, irin na gidajen wancan zamani, yana son aƙalla R-7.5 daga waje (R ma'aunin ƙarfin tare sanyi ne). Farin soso EPS na ba da kusan R-4 a kowane inci, wato inci 2 ke nan. Ni dai a tsohon gida na fi son audugar dutse, irin Rockwool: tana barin danshi ya fita, ba ta cin wuta. In akwai leda a bayan bangon ciki, to audugar dutsen ce zaɓinka.

A ɗaura tsayayyun filankai a kai da dogayen sukurori har cikin ginshiƙan bango, don a samu rata ta bushewa. Tagogi kuma ka tsaya a kansu da kanka, can ruwan sama ke kutsawa idan aka yi sakaci da like bakinsu.

Kafin a ɗaga guduma, a gwada tsohon fentin, ko akwai dalma mai guba a ciki. Sai a 1978 aka hana fenti mai dalma a gidajen Amurka, kuma rufin bangon gidajen zamanin naka kan ƙunshi asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu. Bayan an gama, gidan zai rage shan iska, don haka a duba hayaƙin tukunyar ɗumama gida, a kuma sa na'urar gano iskar kabon monoksaid (iska mai guba marar wari) kusa da ɗakunan kwana.