Yaya zan horar da kakakinmu kafin ranar da za a kai hari?

Tambaya: Salam. Ni jami'in hulɗa da jama'a ne a wata hukumar agajin gaggawa. Oga ya ce in shirya wa masu magana da yawunmu horo kan yadda za su yi da 'yan jarida idan aka kai harin ta'addanci, Allah ya kiyaye. To dukkansu sun iya magana kuma sun saba da kyamara, me kuma zan koya musu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi iya maganar nan da ka ambata ita ta fi ba ni tsoro, don mutumin da bakinsa ya saba zuba ba ya son a ji ya ce ban sani ba, da an ƙure shi da tambaya sai ya cike gurbin da abin da wani ya faɗa masa a waya yanzun nan, alhali shi ma wancan ji ya yi.

Haka ta faru a Munich a 1972 lokacin gasar Olamfik, da aka yi garkuwa da 'yan tawagar Isra'ila. Kakakin gwamnatin Jamus ta Yamma, Conrad Ahlers, ya fito a talabijin cikin dare ya nuna an yi nasarar ceto su, iyalai suka yi ta murna, kafin gari ya waye gaskiya ta fito, mutum 11 duk sun mutu. A Madrid kuma a 2004 da aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙasa gwamnatin Spain ta yi saurin ɗora laifin kan ƙungiyar 'yan aware ta ETA, ashe ba su ba ne, bayan kwana uku aka yi zaɓe jam'iyya mai mulki ta sha ƙasa.

Saboda haka abin da za ka fara cusa musu shi ne su raba abin da aka tabbatar da abin da ake ji. Ku rubuta sanarwar farko tun yanzu da hankali yake kwance, a bar guraben wuri da lokaci kawai. Misali: an samu fashewa a wuri kaza da ƙarfe kaza, jami'an tsaro da motocin asibiti suna wurin, jama'a su kauce wa unguwar, ga lambar da masu neman 'yan'uwansu za su kira, za mu dawo muku da ƙarfe uku. Kuma ƙarfe ukun nan dole kakakin ya dawo ko da ba sabon labari, in ya yi shiru WhatsApp ne zai zama kakakin hukumarku.

Sai kuma abin da mutane suke mantawa, maharan ma suna saurare. A Mumbai a 2008 masu ba maharan umarni ta waya suna zaune suna kallon talabijin kai tsaye suna gaya musu motsin jami'an tsaro, har Kotun Ƙolin Indiya ta caccaki gidajen talabijin a kan haka a 2012. Don haka kakaki ba ya faɗin inda mutane suka ɓuya, ko ta wace ƙofa za a shiga, ko cewa akwai wani babban mutum a ciki. Kuma kar ya ce ba zan ce komai ba, ya faɗi dalili: akwai rayuka a ciki, maganar za ta iya cutar da su. Yawancin 'yan jarida suna ganewa in an yi musu bayani. A Brussels a 2015 'yan sanda sun roƙi mutane su daina wallafa inda ake samame, sai jama'a suka cika Twitter da hotunan kyanwa maimakon labarin samamen, ka ga roƙo ma yana aiki.

Adadi shi ne ke kunyata hukumomi. A harin da aka kai rukunin shagunan Westgate na Nairobi a 2013 an yi ta cewa maharan sun kai 10 zuwa 15, daga baya aka gano huɗu ne. A ware mutum ɗaya mai riƙe da lissafi, duk lambar da ba daga wajensa ta fito ba kar kowa ya faɗe ta, har oga. Sunan mamaci kuwa ba a ambatarsa sai an sanar da iyalinsa.

Shi horon kansa, don Allah kar ka tara su a ɗaki mai sanyi kana karanto musu takarda. Ka buga musu waya ƙarfe biyun dare ba sanarwa, ka sa abokan aiki su zama 'yan jarida masu ihu da katse magana, wata ta zama uwar da ba ta ga ɗanta ba, ana cikin haka ka jefo jita-jitar cewa an kai hari na biyu ka ga wa zai maimaita ta. A ɗauki bidiyo su kalli kansu, a nan za ka kama masu cewa komai ya lafa tun ba a gama ba. Ka horar da mutum biyu ko uku da za su riƙa karɓar juna, Mumbai ta ɗauki wajen awa 60, wanda bai yi barci ba shi ke suɓutar baki. Kuma ku zauna da kakakin 'yan sanda da na asibiti tun yanzu ku raba wa zai faɗi me, ku karɓi lambobin juna.