Shago na biyu: kafin ka kwashi jarinka ka tsallaka

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya: "Malam, shekara biyar ina sayar da kayan masarufi, har na tara naira miliyan 4. Ina son buɗe shago na biyu a wani gari mai tafiyar awa biyu daga namu, amma ina ta jan ƙafa. Yayana ya ce na zama kamar Banu Isra'ila da aka ce su shiga ƙasa suka ƙi. Maganar ta tsaya mini a rai. In shiga kawai?"

Alhaji, yayanka ya kawo maka rabin labari. Gaskiya ne a Suratul Ma'ida mutanen Annabi Musa (AS) sun ce akwai ƙarfafa a ƙasar, ba za su shiga ba, aka haramta musu ita shekara 40 suna ɗimuwa. Amma duba mutum biyu daga cikinsu da surar ta ce sun ba su shawara. Sun ce a dogara ga Allah, kuma sun faɗi ta inda za a bi: ta ƙofa. Tawakkalinsu da hanya ya zo.

Sauran labarin, wato shigar kanta a ƙarƙashin Yusha'u ɗan Nun, yana cikin Littafin Joshuwa a Baibul, kuma a can ne ɗan kasuwa zai fi samun abin ɗauka.

Tun zamanin Annabi Musa an taɓa tura mutum 12 su leƙo ƙasar Kan'ana. Sun yi kwana 40, suka dawo da inabi da rumman da ɓaure, sai goma daga cikinsu suka tsorata jama'a. Da jagoranci ya dawo hannun Yusha'u, mutum biyu kacal ya tura, a asirce, ya ce su duba ƙasar, musamman birnin Yariko. Kai ma haka. Kada ka tara majalisa kana tambaya ko garin nan da kasuwa, kowa zai faɗa maka abin da ke ransa. Ka je da ƙafarka ka kwana, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. Ka ƙirga shagunan da ke sayar da irin kayanka, ka tambayi farashin buhun sukari da katan ɗin taliya kamar mai saye, ka ji ko mutanen garin da kuɗi a hannu suke saye ko sai ƙarshen wata. Ka lissafa kuɗin mota da na dako a kan kowane buhu, domin sau da yawa a nan ribar take zurarewa.

Kafin su haye Kogin Urdun an ba jama'a kwana uku su shirya guzuri. Akwai kuma wani ɗan bayani da mutane ke wucewa ta kansa: mannu, abincin da ake saukar musu a jeji, bai yanke ba sai bayan sun fara cin amfanin sabuwar ƙasar. Shagonka na farko shi ne mannunka. Kada ka kwashe kayansa ka cika sabo, kada ka taɓa jarinsa. A cikin miliyan huɗun nan ka ware kuɗin haya da albashin yaro da wuta na wata shida ka ajiye gefe. Abin da ya rage shi ne jarin sabon shago. In ka ga bai isa cika kanta ba, ka fara da ƙaramin wuri.

Inda na fi so ka tsaya shi ne garin Ai. Bayan Yariko ta faɗi, 'yan leƙen asiri suka dawo suka ce kada a wahalar da runduna, mutanen Ai kaɗan ne, dubu biyu ko uku sun isa. Aka tura wajen 3,000. Aka koro su, aka kashe musu mutum 36. Nasarar jiya ce ta sa suka raina na yau, kuma wannan ciwon ya fi kama wanda ya ci riba a shagon farko. A garinku an san mahaifinka, an san inda za a same ka, kai ma ka san wanda ba a ba bashi. A can baƙo ne kai, kuma idon baƙo ba ya ganin gari ko da ya buɗe shi.

Littafin ya ɗora faɗuwar a kan wani mutum Akan, wanda ya ɓoye alkyabba da azurfa mai nauyin shekel 200 (ma'aunin nauyi na wancan zamani) da curin zinariya a ƙarƙashin tantinsa. Ɓarakar daga cikin gida take. To wa zai zauna maka a sabon shagon? In ƙanenka ne ko ɗan yayarka, ai sai ka ƙara tsaurara lissafi, don shi ne za ka ji nauyin tuhuma. Littafin ciniki kullum, ƙidayar kaya duk mako, kuɗi su shiga asusun banki na shagon shi kaɗai. A karo na biyu Yusha'u ya fita da runduna sosai, ya sa 'yan kwanton ɓauna a bayan gari, sannan aka ci Ai.

Saura Gibiyonawa. Maƙwabta ne na kusa, amma suka zo da tsofaffin buhuna da takalma masu faci da busasshiyar gurasa, wai daga ƙasa mai nisa suke. Aka ƙulla alkawari da su ba bincike, bayan kwana uku gaskiya ta fito, rantsuwa kuma ta riga ta hau. Dillalin da zai nuna maka shago zai ce wani ya kusa biya, ka yi sauri. Ka ce ya haɗa ka da mai wurin ido da ido, ka tambayi maƙwabtan shagon me ya tayar da wanda ya zauna kafin kai, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu kafin sisinka ya fita.

Amsata ita ce ka shiga, amma ba wannan watan ba. Ka ba kanka sati huɗu ka yi zuwa biyu, ka dawo da farashi a rubuce. Zuwa na biyu ka tafi da yayan naka, shi ma ya ga ƙofar da idonsa.