Karo a tseren Formula 1: kuskure ne ko ganganci, kuma wa ke da laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne, ina lodi daga Kwangila zuwa Kaduna. Ƙanena da ke karatu a Samaru ne ya jawo ni kallon tseren motoci na Formula 1. A wajenmu, wanda ya bugi mota ta baya shi ne mai laifi, magana ta ƙare. Amma a can sai in ga an yi karo an ce babu mai laifi, ko kuma wanda ya jefa ɗan'uwansa bango a ci shi tarar sakan goma kawai, har ma ya ci tseren. An ce su ne gwanayen direbobin duniya, to me ke sa su kuskure? Kuma da gaske ne wasu da gangan suke karo don su ɗauki kambu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Allah ya tsare hanya. Bari mu fara da birki, domin nan ne mafi yawan kuskuren yake faruwa.

Motar da ke gudun kilomita 300 a awa tana cin mita 83 a cikin sakan ɗaya. Idan direba ya makara wajen taka birki da kashi ɗaya cikin goma na sakan, abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya wuce wurin da ya kamata da mita takwas, wato fiye da tsawon motarsa. A kwanar farko ta filin Monza a Italiya, suna isowa da gudun da ya haura 330, su sauko ƙasa da 100 a cikin tazarar da ba ta kai mita 150 ba. Motocin nan kuma ba su da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa a birki, doka ta hana. Ƙafar hagun direba ce ke auna komai. Da farko yakan danna birkin da ƙarfin da ya wuce nauyin kilo 100, saboda a lokacin iska na danne motar a ƙasa ta hanyar fuka-fukanta, tayoyi sun riƙe kwalta sosai. Gudu na raguwa, dannewar iskar na raguwa, don haka dole ya riƙa sassauta ƙafa a hankali yana murza sitiyari. In ya ci gaba da dannawa, tayar gaba ta ɓangaren cikin kwana sai ta kulle, ka ga farin hayaƙi ya tashi. Tayar da ta kulle ba ta jin sitiyari. Motar sai ta miƙe, duk wanda ke gefenta ta kwashe shi.

Sai zafin taya. Tayoyinsu ba su da zane in babu ruwa, kuma ba sa kamawa sai sun yi zafi wajen digiri 100. Wanda ya fito daga canjin taya, ko aka daɗe ana tafiyar hawainiya a bayan motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu idan an yi haɗari, tayarsa ta huce, inda ya taka birki a zagayen baya ba zai yi masa yanzu ba. Ka san yadda kwalta ke santsi a ruwan farko na damina, mota ta ƙi tsayawa inda ka saba tsayar da ita. To kusan haka ne, sai dai su bushasshen titi ma yana yi musu. Zagayen farko ya fi kowanne haɗari: tanki cike da mai, birki bai ɗumama ba, duk motocin suna rububin kwana ɗaya. Ƙari a kan haka, wanda ke bin wani a baya yana shiga gurɓatacciyar iskar da na gaba ya bari, fiffiken gabansa ya rage danna, kan motar ya ƙi shiga kwana. Direban kuma a kishingiɗe yake, idonsa dab da bodi, ba ya ganin fiffiken gabansa, madubinsa ƙanana ne suna rawa. Sau da yawa wanda ka ga ya rufe wani, wallahi bai gan shi ba.

Maganar mai laifi kuwa, ƙa'idarku ta hanya tana aiki a can ma idan mutum ya daki bayan wata mota kai tsaye. A Kanada a 2025 Lando Norris ya bugi bayan abokin aikinsa Oscar Piastri, ya fita daga tseren, nan take ya ce laifinsa ne. Amma yawancin karon gefe da gefe ne a cikin kwana, kuma abin da alƙalan tsere ke tambaya shi ne: wa ke da haƙƙin kwanar? Mai son wucewa ta ciki dole tayoyinsa na gaba su kai aƙalla daidai madubin ɗayan a tsakiyar kwana, inda mota ke goga bakin titi na ciki, kuma ya kasance motar na hannunsa, ba faɗowa ya yi da kullallun tayoyi ba. In ya cika wannan, wajibi ne a bar masa wuri. Mai wucewa ta waje sharaɗinsa ya fi tsauri, sai ya kasance yana gaba a wannan wurin. Mai tsare matsayinsa kuma sau ɗaya aka yarda ya canza layi, in zai koma layinsa na asali ya bar faɗin mota guda, kuma ba a son ya kauce bayan ya fara taka birki. In alƙalai suka duba bidiyo da bayanan na'urorin motocin biyu, da ke nuna lokacin da kowa ya taka birki, ya saki totur, ya murza sitiyari, suka ga babu wanda laifinsa ya rinjaya, sai su ce abin tsere ne, a wuce.

Abin da ya ɗaure maka kai shi ne Silverstone ta Ingila a 2021. A zagayen farko, a kwanar Copse wadda ake sha da gudu kusan 290, tayar gaba ta hagu ta Lewis Hamilton ta taɓa tayar baya ta dama ta Max Verstappen. Verstappen ya yi cikin shingen tayoyi da bugun da aka auna ya kai 51G, wato ƙarfin da ya ninka nauyin jikinsa sau 51, aka kai shi asibiti don dubawa. Alƙalai suka ce laifin Hamilton ya rinjaya, suka ba shi sakan goma. An tsayar da tseren don gyaran shinge, ƙungiyarsa ta Mercedes ta samu damar gyara motarsa, ya biya tarar a wurin canjin taya, ya kamo Charles Leclerc da ke jan gaba ana saura zagaye biyu ya ci. Ratar maki 33 da Verstappen ya ba shi a gasar shekarar ta dawo 8. Dalilin sauƙin hukuncin shi ne, alƙalai aikin da direba ya yi suke hukuntawa, ba ɓarnar da ta biyo baya ba. A ganinmu wannan ƙa'ida daidai ce ko da tana da ɗaci, domin taɓawa iri ɗaya kan bar wani ya ci gaba lafiya, ta kuma ragargaza motar wani. In aka bi sakamako, sa'a za a hukunta. Bayan wata biyu a Monza suka sake haɗuwa, motar Verstappen ta hau tudun bakin titi ta ɗare kan ta Hamilton, ƙarfen kariyar da ke saman kan direba ya tare tayar. A nan Verstappen aka ɗora wa laifi, aka mayar da shi baya da matsayi uku a farkon tseren gaba a Rasha. Akwai kuma makin laifi da ake rubutawa a lasin direba: wanda ya tara 12 a cikin wata 12 zai zauna tsere ɗaya, kamar yadda ya faru da Kevin Magnussen a 2024.

Yanzu ganganci. E, an yi, amma sai ka fahimci lissafin. Na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, har zuwa na goma mai maki ɗaya. Idan aka zo ƙarshen shekara wani yana gaba ko da maki ɗaya ne, to in duka biyun suka fita daga tseren, shi ya ci. Wato a fasa kowa ya rasa, amma shi bai rasa komai ba. Na baya kuwa dole ya wuce, kuma dole ya wuce da motarsa lafiya. Da yawa daga cikin manyan rigingimun tarihin wasan daga wannan lissafin suka fito.

A Suzuka ta Japan a 1989, Alain Prost ɗan Faransa da Ayrton Senna ɗan Brazil duk suna ƙungiyar McLaren. Senna na buƙatar nasara, ya kutsa ta ciki a wata matsattsiyar kwana, Prost ya rufe, suka sarƙe. Prost ya fito daga mota, aka tura Senna ya tashi, ya gama na ɗaya, amma aka soke nasarar saboda ya yanke kwanar, Prost ya ɗauki kambu. Shekara ta zagayo, filin nan dai, Prost ya koma Ferrari, wannan karon Senna ke gaba a maki. Prost ya riga shi tashi, Senna bai saki totur ba a kwanar farko, suka yi cikin tsakuwa tare, Senna ya zama zakara. Ba a hukunta shi ba. A 1991 ya faɗa da bakinsa cewa ya riga ya ƙudurta ba zai kauce ba. Wannan ba mu da wata kalma a kansa sai ganganci, kuma a irin wannan gudun wasa ne da rai.

Na Michael Schumacher guda biyu ne. A Adelaide ta Ostareliya a 1994 yana gaban Damon Hill da maki ɗaya. Ya yi kuskure shi kaɗai ya gogi bango, ya dawo titi, Hill ya ga ƙofa ya shiga ta ciki, Schumacher ya murzo kansa. Schumacher ya fita nan take, Hill ya lallaɓa zuwa gareji, aka tarar ƙafar motar ta gaba ta lanƙwashe. Schumacher ya ci 92 da 91, alƙalai ba su ga laifi ba, har yau ana musu. A Jerez ta Sifen a 1997 kuma, yana gaban Jacques Villeneuve da maki ɗaya. Villeneuve ya shigo ta ciki, kyamarar motar ta nuna hannun Schumacher ya fara kaucewa sannan ya murzo. Shi ne ya ƙare a tsakuwa, Villeneuve ya gama na uku ya ɗauki kambu, hukumar FIA mai kula da wasan kuma ta cire sunan Schumacher daga jerin shekarar gaba ɗaya. Wannan hukuncin ne ya canza lissafin. Shi ya sa a 2021, da Hamilton da Verstappen suka isa Abu Dhabi kunnen doki da maki 369.5, Verstappen kuma yana da rinjayen yawan nasarori, aka tunatar da kowa a rubuce tun kafin tsere cewa ana iya zare maki daga wanda ya yi rashin da'a.

Sai dai, Malam, mun fi son ka kula da wani abu: kambu ya fi salwanta a kuskuren da direba ya yi shi kaɗai, babu kowa kusa da shi. A China a 2007, Hamilton yana shekararsa ta farko, yana gaban Kimi Raikkonen da maki 17 ana saura tsere biyu, a zamanin da nasara ke da maki 10. Titi na bushewa, aka bar shi a waje da tayar ruwa har ta baya ta cinye zarenta ya bayyana. Da ya juyo hanyar shiga gareji, a ɗan ƙaramin gudu, motar ta zame ta maƙale a tsakuwa. Raikkonen ya ci tsere biyun, ya ɗauka da 110 da 109. A Hockenheim ta Jamus a 2018, Sebastian Vettel na jan gaba a gaban mutanen ƙasarsu, yayyafi ya sauko, ya ɗan makara a birki a wata kwana marar gudu, ya zame ya daki shinge. Ya shigo yana gaban Hamilton da maki 8, ya fita yana baya da 17, bai sake hawa saman teburin maki ba a shekarar. Ga kuma fushi. A Sifen a 2025, ƙungiyar Verstappen ta ce ya mayar wa George Russell matsayi, ransa ya ɓaci, ya sassauta sannan ya doke shi. Tarar sakan goma ta sauko da shi daga na biyar zuwa na goma, maki tara suka tafi. A ƙarshen shekara Norris ya ɗauki kambu da ratar maki biyu a kan Verstappen, 423 da 421.

In kana son ka riƙa yanke hukunci da kanka kafin alƙalai, idan aka maimaita bidiyon karo ka bar kallon wurin bugun, ka koma sakan biyu kafinsa. Duba ina tayar gaban mai wucewa take a lokacin da suka kai tsakiyar kwana, ta kai madubi ko ba ta kai ba. Duba ko hayaƙi ya tashi daga tayarsa, da kuma ko da babu ɗaya motar zai iya shan kwanar ba tare da ya fita daga farin layi ba. Sannan ka jira hoton kyamarar da ke saman kan wanda ake wucewa, ka zuba ido a kan safar hannunsa: murzawa ɗaya mai santsi shan kwana ne, amma in hannun ya buɗe sannan ya sake fizgowa ciki, irin na Jerez ke nan.