Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗan kunkurun yarona ya daina cin abinci

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah taimako nake nema. An ba yarona kyautar ɗan kunkuru, ƙarami ne sosai ko tafin hannuna bai cika ba. A cikin kwali muke ajiye shi a ɗaki, muna ba shi latas da tumatir, wani lokacin burodi da aka jiƙa da madara saboda yaron ya ce yana so. Yanzu kwana biyu ya rage ci, idonsa kullum a rufe, kuma in na danna ƙoƙon bayansa sai in ji kamar yana lotsawa. Me ya kamata in yi? — Wata uwa mai karanta mu

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Burodi da madarar nan dan Allah a daina daga yau, kunkuru ba ya shan nono ko a wurin uwarsa, daga ƙwai yake fitowa ya kama cin ciyawa, cikinsa sam ba ya iya narkar da madara. Haka nama da abincin kare ko na mage, suna sa shi girma da sauri amma suna wahalar da ƙodarsa. Yawancin kunkurun tudu da ake kiwo a gida, irin su sulkata, ciyawa ce abincinsu da ganye mai kaushi. Ki samo masa ɗanyar ciyawa mai taushi wadda kika tabbata ba a yi mata feshin magani ba, ki yanka ƙanana ki haɗa da ganyen kabewa ko ganye da furen hibiskus, wato shukar ado dangin zoɓo. Latas ba guba ba ce amma kusan duk ruwa ce, tumatir da kayan marmari kuwa sai jefi-jefi don zaƙinsu na sa shi zawo. Albasa da abokado kada ma su kusance shi.

Amma ni abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kwalin nan da ke cikin ɗaki. Ƙoƙon kunkuru ƙashi ne, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a manne suke da shi, kuma ƙashi ba ya ƙwari sai da kalsiyam, kalsiyam ɗin kuma jiki ba zai ɗauka ba sai da bitamin D3, shi kuma D3 fatarsa ce ke haɗa shi in hasken rana ya taɓa ta. Kinga ke nan ko me kika ba shi ya ci in ba ya ganin rana aikin banza ne. Kuma ajiye shi bakin taga ba ya wadatarwa, gilashi na tare ɓangaren hasken rana da ake buƙata wato UVB. Ki riƙa fito da shi da hantsi kamar minti 30 zuwa awa ɗaya, da inuwa a gefe da zai shige in ya ji zafi, kuma wani ya tsaya a kansa saboda kare da ɓera da hankaka da tururuwa, ga shi in ya kife a rana bai samu mai juya shi ba, zai iya mutuwa. In fitarwar ba za ta yiwu ba akwai ƙwan fitila na UVB da ake yi musamman don irinsu. A inda kika ajiye shi, wajen shan ɗuminsa ya kai digiri 32 zuwa 35, ɗaya gefen ya fi sanyi, da dare kuma kada ya kwana kan siminti mai sanyi.

Kalsiyam ɗin babu wuya, ki dafa ɓawon ƙwai ki shanya ki daka ya yi laushi, ki ɗan barbaɗa a ganyensa sau biyu ko uku a sati.

Sai ruwa, nan ne mutane da yawa ke kuskure don suna ganin dabbar daji ce ta saba da fari. Babban ne ya saba, jaririn a cikin rami mai danshi yake ɓuya kuma nan da nan yake bushewa. Kullum da safe ki sa shi a ruwa mai ɗan ɗumi minti 10 zuwa 15, ruwan iya haɓarsa kawai don kunkurun tudu ba kififiya ba ne, nutsewa yake. A ciki zai sha ya yi kashi, in kin ga wani farin abu ya fito tare kar ki tsorata fitsarinsa ne, sai in ya yi tauri kamar tsakuwa to ruwa ya yi masa kaɗan. Bushewar nan ma tana cikin abin da ke sa ƙoƙon ya taso tudu-tudu in ya girma.

Gaskiya jariri ƙoƙonsa kan ɗan lanƙwasa a watannin farko, amma lotsawa ga rufe ido ga ƙin ci duk a haɗe, wannan ya wuce maganin gida, ki kai shi wurin likitan dabbobi cikin satin nan, musamman in kin ga majina ko kumfa a hancinsa. Shi kuma yaron ki sa shi wanke hannu da sabulu duk sanda ya taɓa shi, kunkuru na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, kada ya sumbace shi, kuma a ware wa kunkurun roba tasa daban ba ta kicin ba.